Babur mai naɗewa a ƙaramin jirgi: wa ya taɓa gwadawa?

Kyaftin172: Assalamu alaikum. Ina tuƙa ƙaramin jirgin sama Cessna 172 tsakanin Abuja da Jos. In na sauka filin Yakubu Gowon a Heipang lokacin da babu jirgin fasinja, tasi sai an dace, gari kuma kusan kilomita 30. Ina son sayen babur mai naɗewa in riƙa tafiya da shi. Biyu nake dubawa: Di Blasi na Italiya mai fetur, wajen kilo 30, ko Honda Motocompacto mai batir, kilo 19. Wurin kayan jirgin iyakarsa kilo 54. Wanne ya fi?

DanBukuru: Wa alaikumus salam. Yallabai ka sayi Boxer kawai, kayan gyaransa ko'ina akwai.

Ummu_Aisha: Boxer a cikin Cessna? Malam ka karanta tambayar kuwa? Kyaftin, mai batirin nan kilomita 19 yake yi a caji ɗaya. A hanya zai ajiye ka.

TsohonMatuki: Ɗana, ka ji daga wanda ya ɗanɗana. Na sayi mai fetur da guminna, na biya kuɗin shigo da shi. Na fito daga filin jirgin Abuja, ban wuce Lugbe ba wasu jami'ai suka tare ni, wai acaba ne. Na nuna hular kwano, na nuna katin aiki, har na naɗe shi a gabansu su gani. Suka ce ai ma ya fi sauƙin ɗauka, suka jefa bayan mota. Na yi ta sintiri, yau a ce oga ba ya nan, gobe a ce ina lamba. Ranar da aka ba ni, damina ta gama da shi, kabireta babu, sirdi a yage. Har yau yana lungun gareji, in na gan shi raina ɓaci yake.

DanBukuru: Allah ya mayar da alheri, Baba. Ai tun 2006 aka hana acaba a tsakiyar Abuja, mu ma nan Jos an hana.

Sadiq_Zariya: Dala 995 Honda ta sa wa nata a Amurka da ya fito a 2023. Amma Kyaftin ka lura, Heipang ya haura mita 1,200 a tudu. Da zafin rana iska ba ta da kauri, kowane kilo sai ya ƙara maka nisan gudu a ƙasa kafin tashi.

Alhaji_Terminus: Wace Dala 995? Ni miliyan uku aka ce mini a Legas.

DanBukuru: Wani ya ce mini dubu ɗari bakwai, na hannu.

TsohonMatuki: Yaron da bai gama kwalejin tuƙin jirgin sama ta Zariya ba shi zai koya mana nauyi?

Sadiq_Zariya: Allah ya huci zuciyarka Baba, amma lissafin a littafin jirgin yake.

Alhaji_Terminus: Kyaftin guda a kan babur kamar akwati, yaran Mararrabar Jama'a sai sun raka ka da ihu!

Ummu_Aisha: Ku bar wasa. Mai fetur sai an tsiyaye tanki kafin a sa shi, in ba haka ba wari ya cika jirgi. Batir kuma in ya kama wuta a sama, ina za ka tsaya?

TsohonMatuki: Duk wannan mai sauƙi ne. Man jirgin fa? Jet A1, man manyan jirage, ko'ina akwai, amma avgas, man ƙananan jirage irin Cessna, sai ka yi ta waya kamar mai neman jini a asibiti. Rashinsa ne ya kashe ƙananan jirage a ƙasar nan.

Alhaji_Terminus: Wallahi gaskiya ne. Kyaftin, kai a ina kake samu, kuma nawa duro yanzu?