Highlander ko Pilot: wacce za ta fi yi wa mai iyali?

Abu Hanifa, Kano:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, jama'a. Camry ta 2008 nake hawa, kuma ta yi mana kaɗan: yara huɗu da uwarsu, ga Hajiya mahaifiyata ta dawo wajenmu da zama. Duk Sallah, ko biki ko rasuwa, muna zuwa gida, wani ƙauye gaba da Azare. Kan kwalta ba matsala, amma da an sauka burji ne, da damina sai cikin motar ya riƙa gugar ƙasa. Idona na kan guda biyu, Toyota Highlander daga 2010 zuwa 2013, ko Honda Pilot mai kusurwa ɗin nan ta 2009 zuwa 2015, duk 'yan Beljiyam. Ba gudu nake nema ba. Hajiya na fama da baya da gwiwa, don haka ina son motar da ba ta jijjiga mutum, wadda kuma za ta iya shiga ba sai an tallabe ta ba. Wani abokina yana ta zuga ni in ƙara kuɗi in ɗauki Prado. Waɗanda suka hau su, don Allah ku faɗa min gaskiya.

Baban Walid, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Highlander ta 2012 ce a hannuna. Wajen laushi ba za ka ji ka yi baƙunta ba, domin a kan ƙirar Camry aka gina ta, tsayi aka ƙara mata. Kujerarta daidai ƙugun mutum take, dattijuwa ta juya baya ta zauna sannan ta shigar da ƙafa. Prado kuwa a kan shasi take, ta fi tsayi, sai an taka matakala an kama mariƙi an ja jiki, kuma a gargada tana kaɗa mutum gefe da gefe. Mota ce ta daji, ta fi ƙarfin abin da kake buƙata. Abokin naka ba shi zai riƙa ɗora Hajiya ba.

Amma kada a ruɗe ka da zancen kujera bakwai. Layin baya na ƙarshe na yara ne ƙanana. Babba in ya zauna, gwiwarsa a ƙirjinsa take, kafin Wudil ya fara tsaki. Kuma da zarar ka ɗaga kujerun nan but ya tafi, akwati ɗaya da kula sun cika shi. Ka tuna dawowa daga ƙauye: buhun masara, jarkar man gyaɗa, wani lokacin har da kaji. Shi ya sa nake cewa ka nemi ta 2011 zuwa sama, ita ce layin bayanta ya rabu biyu, ka kwantar da ɓari ɗaya ka zuba kaya, yaro ya zauna a ɗayan. Ta 2010 dunƙule yake, ko duka ko babu.

Ka duba rim ma. Mai lamba 19 ya fi kyau a ido, amma tayar ba ta da nama, duk ramin da ka faɗa sai ka ji shi a bayanka. Mai 17 ya fi laushi, tayarsa ta fi araha.

Maman Iman:

Malam, ku maza dai jif kuke so ko ta halin ƙaƙa. Mutum bakwai har da tsohuwa, ai Sienna ce maganinka. Ƙofarta zugewa ake yi, ƙasanta a kusa yake, babba na zama a can baya ya miƙe ƙafa, but ɗinta kuma rami ne mai zurfi ko an ɗaga duk kujerun. Ka tambayi maiɗakinka, ita ce za ta riƙa sunkuyawa tana tura kujera duk sanda na baya ya ce zai yi fitsari. Kuma ko wacce za ka saya, ka zauna a baya da rana tsaka a kunna esi ka ji ko sanyi na kaiwa can.

Abu Hanifa, Kano:

Maman Iman, gaskiyarki, har na nuna wa uwargida ta ce kin rama mata. Tsorona da Sienna doguwa ce kuma cikinta a ƙasa, akwai wani kwazazzabo kafin garinmu da ba na jin za ta haye shi a watan Agusta. Ga shi duk inda ka tsaya da ita sai a zaci motar haya ce. Pilot fa, babu wanda ya hau?

Injiniya Garba:

Alhaji, ni duka biyun suna shigowa garejina. In fili kake so Pilot ta fi: mutum takwas take ɗauka, layinta na uku ya fi faɗi, kuma akwai sauran wurin kaya a bayansa. Sai dai ta ɗan fi tauri a hanya, ana kuma jin ƙarar titi a ciki fiye da Highlander.

Dukansu akwai mai injin V6, wato silinda shida, mai lita 3.5, amma riƙonsu ba ɗaya ba ne. Tamin ɗin Highlander, wato abin da ke daidaita lokacin bugun injin, sarƙa ce, ta Pilot bel ne, ana canza shi wajen mil dubu ɗari, tare da famfon ruwa. In ka saya ba ka san tarihinta ba, ka canza shi nan take, don in ya tsinke a guje injin ne zai tafi. Giyarta kuma manta na musamman take sha, kada yaron gareji ya zuba mata kowane jan mai. Kayan gyaran Toyota sun fi yawa a Ƙofar Ruwa, kuma ko a Azare Highlander ta tsaya za ka samu wanda ya san ta. Ranar sayarwa ma ba ta kwantai.

Mai kuwa, tun da aka cire tallafi a 2023 babu V6 mai tausayi. Akwai Highlander mai silinda huɗu, lita 2.7, ta ɗan fi sauƙi, amma da mutum bakwai da kaya da esi za ka riƙa danna totur har ragin ya zama kaɗan.

Laushin da kake nema rabinsa a ƙafar motar yake, ba a sunanta ba. Mota ce da ta haura shekara goma. In shokazoba ya mutu, robobin ƙafa sun tsattsage, ko wacce ce za ta wahalar da Hajiya. Kada ka yarda dila ya zagaya da kai a kan kwalta mai santsi. Ku shiga unguwa mai ramuka, ka kashe rediyo ka saurari ƙasa. Ka ɗaga kafet ka duba tsatsa ko busasshen laka, don ana shigo da waɗanda ambaliya ta ci a Amurka. Ka sa a bincika maka lambar shasi a intanet, nan za ka ga ko an taɓa mita. Sannan ka ware kuɗin aikin ƙafa da tayoyi huɗu daban, kada ka zuba duk abin da ke hannunka a farashin motar.