Tafiya cikin hunturu, abin da na tsinta a majalisa

Jiya mun sha hira kan tafiyar Zuru daga Birnin Kebbi a wannan sanyin. Tsofaffin direbobi sun ce in hazo ya rufe kar a yi sammako, a bari rana ta ɗaga, kuma a kunna ƙaramar wuta don babbar wuta, ƙura ce ke dawo maka da ita ido. Batir kuwa sanyin Disamba da Janairu ke tona asirin tsoho, ni kaina bara sai da yara suka tura motata a Jega, kunya kamar in nutse wallahi. A kakkaɓe filtar iska, a cika tanki tun gida, a riƙe safaya da jak da ruwa da bargo. Tafiyar dare kam kowa cewa ya yi a'a.