Na shirya wa ɗalibai horo a laburare, sun ƙi zuwa. Ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka mini da shawara, raina a jagule yake. A laburaren wata jami'a nake aiki. Asali sashen katalogi aka kai ni, ina jin daɗin aikina, sai da aka canza oga aka mayar da ni ɗakin kwamfutoci, wai ni yarinya ce, na fi sanin intanet. Kwanaki wata 'yar aji huɗu ta kawo mini jerin manazarta a wayarta in nemo mata. Na duba Google Scholar, na duba AJOL, rumbun mujallun bincike na Afirka, ko ɗaya babu. Ashe ChatGPT ne ya ƙirƙiro su, har da sunayen marubuta da shekara. Ta zauna tana kuka, ga ranar kare furojet ta matso. Abin ya tsaya mini, na shirya horo, na liƙa sanarwa a ƙofa. Mutum nawa ne ma suka zo. Yanzu oga na jiran rahoto.

Tsohon ma'aikaci: Wa alaikumus salam. 'Yata, ɗalibi ba ya zuwa inda babu maki. Ki je wurin shugaban sashe, ki nemi awa ɗaya cikin darasin dabarun bincike na 'yan aji uku, malamin ya ba da aikin da sai sun shiga rumbun mujallu za su iya yi. Shi ke nan.

Wata 'yar uwa: Ku da kuke da intanet ma kenan. Mu an yi mana rajistar Research4Life, shirin da ke ba ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallun bincike a intanet, amma kalmar sirrin tana cikin durowar oga. A cikinsa HINARI ta fannin lafiya tun 2002 take, AGORA ta fannin noma tun 2003, amma ɗaliban likitanci da na noma a wajenmu ba su taɓa jin sunansu ba. Ga injin ba mai.

Wani malami: Ba ana koya musu amfani da laburare a GST, darasin gama-gari na kowane ɗalibi, tun aji ɗaya ba? Mu manhajarmu a cike take.

Tsohon ma'aikaci: Malam, wancan a babban zaure ake yi, ɗaruruwa a cunkushe, su haddace lambobin jera littattafai na tsarin Library of Congress su zubar a jarrabawa. Kafin aji huɗu sun manta.

Mai tambaya: Baba, ai sanarwata ta fito sosai, da manyan baƙaƙe. Kuma ni ƙaramar ma'aikaciya ce, ba zan tsallake oga in je sashe ba.

Wani ɗalibin digiri na biyu: Anti, gaskiya ba ma karanta allo. Ki yi gajeren bidiyo ki ba wakilan aji su tura a WhatsApp: yadda ake duba ko mujalla tana cikin DOAJ, jerin mujallun da aka tantance masu buɗe wa kowa, da yadda manhajar kwamfuta ta Zotero ke tsara manazarta. Ni abokina ne ya nuna mini, bayan wata mujallar bogi ta ci kuɗina.

Tsohon ma'aikaci: Bidiyo ba ya koya wa mutum tantance sahihin bayani. Sai an zauna da shi, ya nemo, a tambaye shi: wa ya rubuta, wa ya tace, yaushe? Ki rubuta takarda ta hannun oganki, ki sa labarin yarinyar nan a ciki ba tare da sunanta ba.

Mai tambaya: Na gode. Amma ni gani nake ranar ce ba ta dace ba, Juma'a ce da yamma. Zan sake sa wa Talata. Rahoton fa, me zan rubuta a ciki?

Wata 'yar uwa: Ke dai ki yi addu'a a kawo wuta ranar.