An ba ni matar Macbeth, amma maganar ta ƙi zama a bakina

'Yar aji biyu:
Assalamu alaikum. Fannin wasan kwaikwayo nake karantawa a jami'a. A zangon nan malaminmu ya ce Macbeth, wasan kwaikwayon da marubucin Ingila Shakespeare ya rubuta, ba a takarda za mu tsaya da shi ba, sai mun hau dandamali. Ni aka ba matar Macbeth, a fitowar da mijin ya dawo hannu duk jini bayan ya kashe Sarki Duncan. Na haddace tsaf, amma da na buɗe baki sai in ji kamar ina biya allo, ban ma san inda zan ja numfashi ba. Saura mako 3. Don Allah a taimaka min.

Tsohon ɗalibi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye ƙamus tukuna, ki ƙirga gaɓoɓi. Yawancin wasan a waƙe yake: layi gaɓa 10, bugu 5, mara nauyi sannan mai nauyi, kamar yadda rubutacciyar waƙarmu take da nata karin. A fitowarki Shakespeare ya yayyanka layi ɗaya tsakaninku, ke kalma guda, shi guda ko uku. Da ya rufe baki ki cafe, kada ki bar tazara. Firgicin a wannan gaggawar yake. Ku riƙa tafa bugun da hannu ke da abokin wasanki.

Malama mai koyar da adabi:
'Yata, ki tuna a gidan wasan kwaikwayo na Globe da aka gina a Landan a 1599 da rana tsaka ake wasa. Duhun daren nan daga bakinki zai fito, shi ya sa matar Macbeth take ambaton kukan mujiya da na gyare. Ki saurare su da gaske kafin ki faɗa. Yaro ne ma ya fara fitowa a matsayinta, don mata ba su hau dandamalin Ingila ba sai 1660. Sannan ki karanta kashi na 5, inda take tafiya cikin barci tana murza hannu, waƙen ya kuɓuce mata ta koma zube. In kin san can za ta ƙare, maganarta cewa ɗan ruwa kaɗan zai wanke su za ta yi miki nauyi a harshe.

'Yar aji biyu:
Na gode Yaya, na gode Malama. Jiya mun gwada tafin a bayan ɗakin kwananmu. Da na karɓi wuƙaƙen daga hannunsa, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.