12AX7 ɗina ba ya jan wuta, ina matsalar take?

MaiGyaranRediyo: Salamu alaikum. Na haɗa matakin farko na firi'amf (na'urar da ke fara ƙara ƙarfin sauti) da bawul 12AX7, wato kwalbar lantarki mai sassa anod, katod da girid: wutar B+ (babbar wutar da ke zuwa anod) volt 250, resista 100k (ohm dubu ɗari) a anod, 1.5k a katod, 1M daga girid zuwa ƙasa. Na auna anod na samu volt 240, katod kuwa 0.15 kacal, sauti ma da ƙyar. Hita, wato wayar da ke ɗumama katod, na ba ta volt 6.3 tsakanin ƙafa ta 4 da ta 5 na bawul ɗin.

Injiniya_Kwalba: Wa alaikumus salam. Ai ga ta nan a layinka na ƙarshe, malam. Tsakanin 4 da 5 volt 12.6 ake bayarwa. In 6.3 gare ka, haɗe 4 da 5 wuri ɗaya, ɗayar wayar ta tafi ƙafa ta 9. Za ta ja miliamp 300. Yanzu katod bai yi zafi ba, shi ya sa miliamp 0.1 kawai ke wucewa. Da ka gyara, ka sa ran katod wajen 1.2, anod wajen 170, wato kusan miliamp 0.8.

Sautin_Zamani: Haka ne. Ka ƙara kafasita (mai adana cajin wuta) 22µF tsakanin ƙafafu biyu na resistar katod, ƙarfin sauti zai ƙaru sosai. Kafasitar fita kuma 22nF mai jure volt 400, ƙasa da haka tana iya zubo DC (wuta mai tafiya hanya ɗaya) cikin mataki na gaba. Wayoyin hita ka murɗe su tare, nesa da girid, don gudun gunji.

Injiniya_Kwalba: Kuma don Allah kafin ka sa hannu, sauke cajin manyan kafasitocin wutar B+ da resista 100k mai wat 2, ka auna da mita ka tabbatar. Suna riƙe wuta ko an kashe soket.