Wasiƙar imel ga masu sayen mota a Gombe: wa ya taɓa haɗawa?

Baban Khalifa, Tumfure

Assalamu alaikum jama'a. Muna da wurin sayar da motoci a hanyar Bauchi, 'yan Beljiyam da na hannu. Maigida yana so mu fara tura wa kwastomomi wasiƙa ta imel duk wata. Abin da ke hannunmu littattafan rasit ne na shekara huɗu, da adireshin imel wajen 400 da aka rubuta da biro. Waɗanda suka san aikin ku taimaka: daga ina ake farawa, da me ake turawa, me ake sawa a ciki?

Malam Mai Kwamfuta, Jekadafari

Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, ajiye maganar ado da hotuna tukuna, aikin farko yana cikin littattafan rasit ɗin nan.

Cikin 400 ɗin, da yawa imel ne da mai shagon waya ya buɗe wa mutum ranar da ya sayi waya don Play Store ta yi aiki. Mai shi bai san kalmar sirrinsa ba, balle ya duba. Masu duba imel da gaske a garin nan sanannu ne: ma'aikatan gwamnati da na banki, malaman Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere, likitoci da ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Tarayya, ma'aikatan Ashaka, 'yan kwangila, da jami'an saye na ƙungiyoyin agaji masu neman Hilux. Su za ka rubuta wa. Ɗan kasuwar Tudun Hatsi da zai sayi a-kori-kura bayan kaka, kira shi za ka yi a waya.

Ka buɗe Excel ko Google Sheets, kowane abu da gidansa: laƙabi, suna, imel, lambar waya, motar da ya saya, ranar da ya saya, garinsu. Kurakurai uku ake yawan yi a nan. Excel yana cinye sifirin farko na lambar waya, 0803 ta koma 803, sai ka mayar da layin ya zama na rubutu kafin ka fara shigarwa. Sannan idan ka adana fayil ɗin a CSV na gama-gari (CSV shi ne irin fayil ɗin da ake lodawa cikin manhajar tura wasiƙa), ƙ da ɗ da ɓ za su lalace, Ɗanjuma ya fito da alamar tambaya a farkon sunansa. Zaɓi CSV UTF-8. Na uku rubutun hannu ne. Za ka ga gmail.con, gmial.com, yahoo.co, da tazara a tsakiyar adireshi. Ka jera layin imel daga A zuwa Z ka bi da ido ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka kasa karantawa kada ka yi cinke, kira mai shi.

Dama kiran ya zama dole. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba mutum haƙƙin ya ƙi a riƙa aiko masa da talla, kuma ya janye amincewarsa duk lokacin da ya ga dama. Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC, ce ke kula da ita. Ya ba ka imel don rasit, bai ba ka don talla ba. Ku raba sunayen tsakanin yaran shago biyu, kowa ya kira ashirin a rana: "Ranka ya daɗe, za mu riƙa turo bayanin kula da mota da sababbin kaya sau ɗaya a wata, mu sa ka?" A rubuta ranar da ya amsa. Ko 150 suka rage, sun fi maka 400 ɗin. A sabon littafin rasit kuma a ƙara layi ɗaya da mai saye zai sa hannu idan ya yarda.

Maman Ilham, Pantami

Gidan laƙabin da Malam ya ambata kada a raina shi. Manhajojin tura wasiƙa sunan farko suke ɗaukowa, sai wasiƙa ta buɗe da "Barka Usman" ga dattijon da ya haifi mai shagon. A sa ta ɗauko laƙabi da suna tare: Alhaji Usman, Hajiya, Dakta, Injiniya, Malama. Inda gidan ya zama fanko a tanadi "Ranka ya daɗe" ko "Ranki ya daɗe", wato ana buƙatar gidan jinsi ma.

Hoton miƙa makulli kuma, don Allah a bari. Mutanenmu da yawa ba sa so a san sun sayi mota, wani saboda 'yan bani-bani, wani saboda tsaro. A ɗauki motar ita kaɗai, a rufe lambarta.

Injiniya Na Bolari

Maganar abin turawa. Kada ka tura daga Gmail ɗinka ka jera mutane a CC, kowa zai ga adireshin kowa, ka tona kwastomominka ga duk dillalin da ke cikinsu. BCC yana ɓoye su, amma Gmail na kyauta iyakarsa mutum 500 a rana, ba shi da hanyar cire suna, kuma ba zai nuna maka wa ya danna me ba. Yi amfani da manhajar da aka yi don wannan: Brevo, Mailchimp ko MailerLite. Brevo na ba da imel 300 a rana kyauta, wanda ya ishe ku. Tsarin kyautar sauran yakan canza, ka duba kafin ka loda sunaye.

Abin da ke jefa wasiƙa cikin akwatin sifam, inda wasiƙun banza ke faɗawa, tun ranar farko shi ne ka shiga Brevo ka ce wasiƙar ta fito da adireshin gmail.com. Google ya san ba daga wurinsa ta fito ba. Ka sayi sunan shafi naku, .com.ng ya wadatar, wurin masu rajistar da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da su. Ka buɗe adireshi a kansa, sannan manhajar za ta ba ka layuka ka kwafa cikin saitin DNS, wato saitin sunan shafin naku: SPF mai faɗin wa aka yarda ya tura da sunanku, DKIM wanda kamar hatimi ne a jikin kowace wasiƙa, da DMARC mai faɗin abin da za a yi da wasiƙar da ta gaza. DMARC ka fara da p=none, wato a sa ido kawai, kada a hana wasiƙa shiga. SPF kuma layi ɗaya tak ake so. In akwai tsohon layi, a haɗa su, layi biyu suna ɓata juna. Yakan ɗauki awanni, wani lokaci har kwana biyu, kafin manhajar ta nuna an tabbatar.

Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara. Wanda ke tura wa masu Gmail 5,000 a rana dole ya cika duka ukun, ya sa hanyar cire suna da dannawa ɗaya, ya cire mutum cikin kwana biyu. Ku ba ku kai nan ba, amma iyakar ƙorafi ta kashi 0.3 cikin ɗari tana kan kowa. Lissafa: uku cikin dubu ke nan. Mai mutum 300, mutum ɗaya ya danna "sifam" ya taɓa iyakar. Shi ya sa sayen jerin adireshi wurin masu tallarsa a intanet kashe kai ne.

Sabon adireshi kuma a hankali ake sa shi a hanya, kamar sabon inji. Mutum 50 da kuka fi sabawa da su a ranar farko, ku roƙe su su amsa ko da "na gani" ne, sannan sauran a kwanakin da ke biye.

Oga Bakanike, Tashar Dukku

Ni abin da zan ce, mutumin da ya sayi mota bara ba zai sake saye bana ba. In duk wata hoton mota da farashi kake turo masa, wata uku ya daina buɗewa. Ba shi abin da zai amfani motar da ke ƙofar gidansa, ka bi yanayin shekara.

Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce: a duba iya-kilina, a kakkaɓe ko a canza, da filtar iyakwandishan da ke bayan akwatin gaban fasinja a yawancin Toyota da Honda, wadda mutane ba su ma san da ita ba. Maris da Afrilu zafi: ruwan lagireto na gaske maimakon ruwan rijiya mai cin lagireto da tsatsa, fanka, da batir, don zafi ya fi sanyi kashe batir a nan. Kafin damina wayifa da taya. Ka koya musu karanta shekarar taya: lambobi huɗu na ƙarshe bayan harufan DOT da ke jikin tayar, 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Juyen baƙin mai a hanyoyinmu, kilomita 5,000.

Tunda kun rubuta motar kowa, ku raba. Masu Camry Muscle ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4, a tuna musu su riƙa jan sandar mai duk mako, injin nan yana shan mai tun kafin lokacin juye. Masu Accord EOD da DC, boljoyin ƙasa na gaba. In ta fara ƙara a kan gargada kada a jira ta cire ƙafa a hanyar Kumo. Masu motar Amurka su sa lambar shasi mai harufa da lambobi 17 a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, su ga ko tana cikin waɗanda aka yi wa kiranye kan matsalar jakar iska ta kamfanin Takata.

Inshora ma labari ce. Ta ɓangare na uku ta koma N15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, kuma 'yan sanda sun fara matsa lamba a kanta daga 1 ga Fabrairun 2025. Kun san ranar da kowa ya sayi motarsa, to ku tuna masa saura wata ɗaya takardunsa su ƙare.

Alhaji Dillali, Herwagana

Oga, duk na ji, amma mu mota muke sayarwa ba makaranta muka buɗe ba. A sa kaya. Sai dai kada su wuce huɗu ko biyar, kowace da shekararta, tafiyar da ta yi, Beljiyam ce ko ta hannu, takardun kwastan cikakku ne ko a'a, an taɓa fenti ko ba a taɓa ba. In mil ne a allon motar a rubuta mil, kada a mayar da shi kilomita a baki. Mil 100,000 kilomita 160,000 ne da ɗoriya, mai saye zai gano.

Farashi shi ne rigima. Dala ta motsa, kuɗin kwastan ya motsa, wasiƙa kuwa tana zaune a wayar mutum. Bayan mako shida zai shigo ya nuna maka ita ya ce ai kai ka rubuta. A sa kwanan wata a jikin kowane farashi, a rubuta "zuwa ƙarshen mako, in ba a riga an sayar ba." Wasu na ɓoye farashin su ce a kira. Ban yarda da wannan ba, ma'aikaci yana so ya auna aljihunsa kafin ya ɗaga waya ya ji kunya.

Kuma a rubuta a ƙasa, kowane wata, cewa ba ku karɓar kafin alƙalami ta imel kuma ba ku canza lambar asusu ta imel. 'Yan damfara na kwaikwayon irin wasiƙun nan. Lambar asusu kada ta shiga ciki sam.

Malam Mai Kwamfuta, Jekadafari

Alhaji da Oga duk kuna da gaskiya, a raba gida biyu: shawara ɗaya a sama, motoci a ƙasa.

Kan tsari, a waya za a karanta, saboda haka layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, faɗin fiksel 600. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait uku ko huɗu. A rage shi zuwa ƙasa da kilobait 200, in ba haka ba mai data kaɗan farin fili zai gani. Kada a haɗa fosta guda a Canva a tura ta a matsayin wasiƙa, matatar sifam ba ta son hoto zalla, kuma in hoton bai buɗe ba babu abin karantawa. Gmail yana datse wasiƙar da rubutunta da lambobin tsarinta suka haura kilobait 102, abin da yake datsewa kuwa ƙasan ne, inda wurin cire suna yake. Wanda bai ga wurin cirewa ba sifam zai danna. Kwafo rubutu kai tsaye daga Word ne ke kumbura ta.

Ƙarƙashin kowace mota a sa maɓallin WhatsApp: wa.me/ sai 234 da lambar, ba sifirin farko, ba alamar tarawa. Ƙara ?text= da sunan motar a ƙarshe, saƙon zai zo muku a rubuce, ku san daga wasiƙar ya fito. A nan cinikin zai ƙare ai, ba wanda zai yi tayin mota ta imel.

Kan wasiƙar gajere, kamar "Hunturu ya shigo: duba filta, ga Corolla uku". Manyan baƙaƙe da alamar motsin rai biyar, a bar wa 'yan damfara. Hausa a sama, Turanci a ƙasa in kuna da kwastomomin da suka fi sakewa da shi, ko a tambaye su tun wajen kira a raba jerin biyu.

Baban Khalifa, Tumfure

Allah ya saka da alheri. Saura biyu: wace rana ake turawa, kuma ta yaya za mu san tana aiki? Maigida zai tambaya.

Injiniya Na Bolari

Tunda ma'aikata ne, safiyar Talata zuwa Alhamis, a makon da albashi ke shiga. Juma'a da rana ba mai dubawa. Ta kafin Sallah a tura ta saura mako uku, lokacin da mai niyyar canza mota yake lissafi.

Kada ka kai wa maigida adadin waɗanda suka buɗe. Tun 2021 manhajar imel ta iPhone ke buɗe wasiƙu da kanta don kare sirrin mai waya, sai adadin ya kumbura. Ƙirga dannawa, da saƙonnin WhatsApp masu ɗauke da rubutun nan, kuma yaran shago su riƙa tambayar duk wanda ya shigo inda ya ga motar. Adireshin da ya dawo da cewa babu shi, a goge nan take. Wanda ya yi wata shida bai danna komai ba, a kira shi sau ɗaya, in bai damu ba a cire.

Kafin kowace turawa, aika wa kanka gwaji a Gmail ɗaya da Yahoo ɗaya, ka buɗe a ƙaramar Tecno ko itel da data, ba da wayifai na ofis ba, ka danna kowane maɓalli. A Gmail na kwamfuta ka shiga ɗigo uku na gefen wasiƙar ka zaɓi nuna asalinta, ka tabbatar SPF da DKIM da DMARC duk sun rubuta PASS.