Sola a fadama ko gonar tudu? Ku ba ni shawara

Ɗan Jama'are: Salamu alaikum. Na gaji fadama a bakin kogin Jama'are, na kuma sayar da bijimai biyu. Shin in haƙa rijiyar burtsatse in ɗora famfon sola don noman rani, ko in sayi gonar tudu? Ambaliyar 2022 ta cinye mana shinkafa, ta 2024 ma haka, amma kafin ƙarshen Maris kogin ya zama yashi zalla. Masu shekaru a fadama, ruwan nan ƙaruwa zai yi ko raguwa?

Mai Albasa: Wa alaikumus salam. Shuka albasa kawai, kuɗi na nan.

Baba Tsoho: Yaro, ni farin 1973 da na 1984 duk a idona aka yi su. A lokacin cewa ake hamada ta iso, ruwa ya tafi ke nan. Ga shi yau da kwalekwale muke ɗebo dawa. Kada ka rabu da fadamar ubanka.

Malamin Gona: Baba ya taɓo gaskiya. Abin da masana suka yi ittifaƙi a kai shi ne zafi na ƙaruwa, ruwan sama kuma ya fi zuwa da ƙarfi a lokaci guda. Amma jimillar ruwan damina a yankin Sahel, hasashensu ya rabu, wasu sun ce ƙari, wasu ragi. Kogin nan daga tsaunukan Jos yake tasowa, don haka ruwan da ya faɗi can ne ke cika shi, ba na Katagum kaɗai ba. Hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, kuwa na damina ɗaya ne, ba zai faɗa maka abin da zai faru nan da shekara goma ba.

Uwar Marayu: Ƙanina, saurare ni. Marigayi maigidana ya ci bashi ya sa sola. Mai haƙar ya rantse ya kai ruwa mai ɗorewa, ashe a yashin sama ya tsaya. Watan Afrilu famfo ya fara tari yana fitar da laka, tumatir ya yi yaushi muna kallo. Damina ta zo, dare ɗaya ruwa ya haura gaɓa, da asuba sai ƙarafan da aka ɗora faifan solar muka tarar, sun lanƙwashe, ciyawa ta naɗe su. Mai haƙar ya kashe waya. Har yau ni ke biyan bashin da kuɗin ƙosai.

Mai Albasa: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Amma faifan ai kwance shi ake yi kafin Yuli a kai gida.

Uwar Marayu: Yana kwance a asibiti, wa zai kwance?

Ɗan Jama'are: Allah ya gafarta masa. Nawa ne kuɗin haɗawar yanzu?

Injiniya: Dubu 900, har da haƙa.

Mai Albasa: A ina? Maƙwabcina miliyan ɗaya da rabi ya kashe bara.

Ɗan Azare: Na dubu 900 ɗin shi ne mai tarin nan 😂

Injiniya: Wanda bai taɓa riƙe fatanya ba ya yi mana shiru.

Baba Tsoho: Kai ma ɗin. Da kai da Malamin Gona duk a takarda kuka san ruwa.

Malamin Gona: Baba, da girmanka, kai ma a 1984 ba ka hango kwalekwale ba.

Ɗan Azare: Ni dai da madatsar Kafin Zaki ta tabbata da duk wannan bai taso ba. Tun zamanin Shagari ake maganarta.

Masunci daga Gashuwa: A'a, tsaya nan. Madatsun Tiga da Challawa sun riga sun canza mana kogin Haɗeja, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa har Nguru. Ku tare Jama'are kuma, mu kama kifi a ina?

Ɗan Azare: To mu ci gaba da nutsewa don ka ci tarwaɗa?

Ɗan Jama'are: Jama'a, tudun fa?